Yadda Ɗalibin Jami'a Zai Koyi Nazariyyar Katigori Domin Shiga Fagen Kwamfutar Kwantum

Ɗalibin da ya ji ana cewa nazariyyar katigori ita ce tushen lissafin kwamfutar kwantum yakan garzaya ya nemo littafi mafi kauri a fannin, ya kama daga shafin farko, bayan 'yan makonni kuma ya ajiye shi ba tare da ya ci karo da kubit, wato ƙwayar bayani ta kwamfutar kwantum, ko ɗaya ba. Abin da ya kayar da shi shi ne rashin jeranta darussan bisa tsari. Nazariyyar katigori harshe ne na tattara abubuwan da mutum ya riga ya sani a ƙarƙashin doka ɗaya, saboda haka wanda bai tara misalai a kansa ba babu abin da za ta tattara masa. Bugu da ƙari, ɓangaren da mai nazarin kwantum yake buƙata, wato katigori mai tensa, ɗan kaɗan ne idan aka dubi faɗin fannin, kuma a manyan littattafai sai an yi nisa ake isa gare shi. A littafin Saunders Mac Lane na 1971, Categories for the Working Mathematician, sai a babi na 7 ake tarar da shi.

Ya kamata a san matsayin wannan nazariyya tun da farko, domin kada a ɗora mata nauyin da ba nata ba. Samuel Eilenberg da Mac Lane ne suka kafa ta a Amurka cikin wata maƙala ta 1945, kuma abin da ya dame su a lokacin shi ne alaƙar aljabra da tofoloji. Sai a 2004 Samson Abramsky da Bob Coecke na Jami'ar Oxford suka nuna cewa ana iya sake rubuta babban sashe na ka'idar kwantum da harshen katigori. Kafin nan an riga an gano dabarar telifoteshin, wato tura halin kubit daga wani wuri zuwa wani ba tare da ɗaukar kubit ɗin ba, a 1993, Peter Shor ya fito da hanyarsa ta rarraba babbar lamba zuwa lambobin da aka ninka aka same ta a 1994, Lov Grover ya biyo da tasa ta bincike a 1996, kuma babu wanda ya nemi katigori a cikinsu. Mutum yana iya ƙwarewa a kwamfutar kwantum bai taɓa buɗe littafin katigori ba. Abin da take ƙara wa ɗalibi shi ne fahimtar dalilin da ya sa dogayen lissafe-lissafe suke fitowa yadda suke fitowa, da kuma hanyar yin lissafi da zane wadda a yau ake amfani da ita wajen rage tsawon da'irorin kwantum.

Abin da ya wajaba ya riga ta

Matakin farko shi ne aljabra ta liniya, kuma babu hanyar kewaye shi. A sassan lissafi na jami'o'in Najeriya ana fara koyar da ita tun daga aji biyu, sai dai sau da yawa ana tsayawa ne a kan lambobi na zahiri da warware jerin daidaito, alhali kwantum yana tafiya ne a kan haɗaɗɗun lambobi, wato masu siffar a + bi inda i sau i yake ba da −1. Ɗalibi ya koma ya bi sararin bekta da ginshiƙansa da ninkin ciki a kan irin waɗannan lambobi, ya saba da juya matiriks tare da sauya alamar i, ya kuma san matiriks na yunitari, wanda idan aka ninka shi da juyayyensa ake komawa matiriks ɗin da ba ya sauya komai.

Sannan sai ninkin tensa, wanda shi ne darasin da aka fi tsallakewa a aji kuma shi ne duk abin da zai biyo baya ya rataya a kansa. Idan sarari ɗaya yana da ginshiƙai 2, ɗayan yana da 3, to ninkinsu na tensa yana da 6, domin ninkawa ake yi maimakon tarawa. Kubit ɗaya yana zaune a sarari mai ginshiƙai 2, waɗanda ake rubutawa |0⟩ da |1⟩, saboda haka kubit 10 suna buƙatar lambobi 1,024 kafin a bayyana halinsu, kubit 50 kuma lambobinsu sun haura tiriliyan 1,000. Akwai atisaye guda da bai kamata ɗalibi ya wuce wannan mataki ba sai ya iya yin sa ba tare da duba littafi ba, wato nuna cewa halin |00⟩ + |11⟩ ba ya rabuwa zuwa halin kubit na farko da halin na biyu. Idan aka ɗauka yana rabuwa, za a rubuta shi a matsayin a|0⟩ + b|1⟩ a tensa da c|0⟩ + d|1⟩, wanda zai tilasta ac da bd su zama 1, ad da bc kuma su zama 0. Amma ad ba zai zama 0 ba sai a ko d ya zama 0, kuma kowanne daga cikinsu ya zama 0 ya rushe ɗayan sharaɗin. Wannan ɗan gajeren lissafi shi ne sarƙewar kwantum.

Mataki na biyu shi ne da'irar kwantum yadda kowa yake koyon ta. Babi na 1 da na 2 da na 4 na littafin Michael Nielsen da Isaac Chuang na shekarar 2000 sun wadatar. A san ƙofofin H da X da Z da S da T da CNOT, wato ƙananan ayyukan da ake yi wa kubit, a matsayin matiriks, a san yadda awo yake ba da sakamako bisa yiwuwa, a kuma gwada ƙananan da'irori da Qiskit na kamfanin IBM, wanda yake aiki da harshen Python a kan kwamfutar tafi-da-gidanka ba tare da buƙatar wata na'urar kwantum ba. Abu mafi muhimmanci a nan shi ne ɗalibi ya zauna da biro da takarda ya yi lissafin telifoteshin daga farko har ƙarshe: kubit 3, bekta mai lambobi 8, sakamakon awo iri 4, kowanne da gyaransa. Lissafin yana da gajiyarwa, kuma ana so ya ji gajiyar, domin sai wanda ya sha wannan wahala ne zai gane darajar abin da zanen katigori zai yi masa nan gaba.

Shiga katigori ta hanyar misalai

Ma'anar katigori ba ta cika rabin shafi ba. Akwai abubuwa, akwai kibiyoyi da suke tashi daga wani abu zuwa wani, ana iya haɗa kibiya biyu a jere idan inda ta farko ta sauka nan ta biyu ta tashi, kowane abu yana da kibiyar da ba ta sauya komai, kuma idan kibiyoyi uku ne a jere babu bambanci ko waɗanne biyu aka fara haɗawa. Haddace wannan ba shi da amfani idan ba a gwada shi a kan misalai ba, kuma misalai huɗu sun isa a fara da su. Na farko shi ne tarin abubuwa da fankishin da ke tsakaninsu. Na biyu shi ne lambobin ƙirga, inda ake jan kibiya daga 3 zuwa 12 saboda 3 tana raba 12 ba saura. Na uku shi ne katigorin da abubuwansa lambobi ne, kibiya daga n zuwa m kuma matiriks ne mai layuka m a kwance da n a tsaye, haɗawa a jere kuwa ita ce ninka matiriks. Wannan na uku shi ne gidan kwantum, don kusan daidai yake da katigorin sararin Hilbert mai iyakantattun ginshiƙai, wato sararin bekta mai ninkin ciki. Na huɗu shi ne tarin abubuwa da dangantakar da ke tsakaninsu, inda abu ɗaya yake iya alaƙa da abubuwa da yawa ko kuma ya rasa alaƙa da komai. Ɗalibai sukan raina wannan na huɗu, alhali ya fi na farko kama da kwantum nesa ba kusa ba, kuma a cikinsa ake gwada ko wata hujja da aka samu ta kwantum ce da gaske ko kuwa ta tsarin haɗa kibiyoyi ce kawai. A kowane misali ɗalibi ya rubuta da hannunsa yadda dokokin suka cika.

Daga nan a koyi fankta, wato hanyar ɗaukar katigori sukutum zuwa wani ba tare da ɓata haɗin kibiyoyinsa ba, da kuma sauyi na ɗabi'a tsakanin fankta biyu. A tsaya a nan, a juya zuwa katigori mai tensa, wanda Jean Bénabou da Mac Lane suka bayyana a 1963.

Abin da katigori mai tensa ya ƙara shi ne hanya ta biyu ta haɗawa, wato gefe da gefe. Mai tuwo tana surfa dawa, a niƙa, ta tuƙa garin, kuma ba a tuƙa tsabar da ba a niƙa ba; wannan shi ne haɗawa a jere tare da sharaɗin cewa abin da ya fito daga aikin farko shi ne zai shiga na biyu. Miyar da take dahuwa a ɗayan murhun kuwa tana tafiya ne gefe da gefe da tuwon. Ko an lissafa aikin tukunya-tukunya ko an lissafa shi lokaci-lokaci, abincin da za a sauke ɗaya ne, kuma wannan ita ce dokar musanya da take ɗaure hanyoyin haɗawar biyu. Da'irar kwantum haka take: ƙofofi a jere a kan waya ɗaya, wayoyi kuma gefe da gefe. Akwai wata hujja ta Mac Lane da take ba da izinin yin watsi da baka-biyun rubutu da ke nuna wanda aka fara haɗawa a tensa. Shawarata ita ce a fahimci abin da hujjar take cewa, a bar tabbatar da ita sai zagaye na biyu, domin a nan ne ɗalibai da yawa suke ɓata makonni a kan abin da ba za su sake buƙata ba a wannan mataki.

Izinin da ya fi wannan muhimmanci shi ne na yin lissafi da zane. Roger Penrose ya yi amfani da zanen akwatuna da wayoyi wajen lissafin tensa a 1971, sai André Joyal da Ross Street suka tabbatar a 1991 cewa irin wannan zane cikakkiyar hujja ce: idan za a iya ja ko zamar da akwatunan zane ɗaya har ya koma ɗayan ba tare da tsinka waya ba, to lissafin biyun daidai suke. Ɗalibin da ya taso a kan cewa zane taimako ne kawai, hujja kuwa sai da alamomi, zai ɗauki lokaci kafin zuciyarsa ta amince. Maganin shi ne ya riƙa yin kowace hujja sau biyu, da zane da kuma matiriks, har sai ya daina shakka.

A nan ne ladan farko yake fitowa. A katigorin tarin abubuwa akwai fankishin da yake ɗaukar x ya mayar da shi x biyu, kuma ko an yi kwafin kafin a yi wa x aiki ko bayan an yi, sakamakon ɗaya ne. Wannan daidaituwa ita ce ake nufi da sauyi na ɗabi'a. A sararin Hilbert da ninkin tensa babu irin wannan kibiya. Idan aka gina wadda take mayar da |0⟩ zuwa |00⟩ da |1⟩ zuwa |11⟩, aka ba ta |0⟩ + |1⟩, abin da za ta fitar shi ne sarƙaƙƙen halin nan da aka yi atisaye a kansa, wanda ba kwafi biyu ba ne. Hujjar cewa ba a kwafar halin kubit, wadda William Wootters da Wojciech Zurek suka buga a 1982, Dennis Dieks ma ya buga tasa daban a shekarar, ta zama ke nan magana a kan irin tensar da katigorin yake da ita.

Ƙoƙo, murfi da gizo-gizo

Abubuwa biyu suka rage a ƙara. Na farko alamar wuƙa ce, †, wadda take juya kowace kibiya ta koma baya, kuma a matiriks ita ce juyawa tare da sauya alamar i. A zane kuwa kifar da hoton ake yi. Na biyu shi ne izinin lanƙwasa waya ta zama ƙoƙo ko murfi. Ƙoƙo yana wakiltar sarƙaƙƙen halin kubit biyu, murfi yana wakiltar awon da ya tarar da kubit biyu a wannan hali, dokar da ke tsakaninsu kuma ita ce idan waya ta lanƙwasa ta murfi ta sake lanƙwasa ta ƙoƙo, ana iya jan ta ta miƙe. Yanzu ɗalibi ya ɗauko takardun lissafin telifoteshin da ya yi a baya. Mai aikawa da mai karɓa sun raba ƙoƙo, mai aikawa ya rufe kubit ɗinsa da rabin ƙoƙon da murfi, aka ja wayar ta miƙe, halin kubit ya bayyana a hannun mai karɓa. Sakamakon awo iri 4 ɗin suna zuwa ne a matsayin ƙaramin akwati a kan wayar, ko babu komai, ko X, ko Z, ko duka biyun, kuma bit 2, wato lambobi biyu na 0 ko 1, da ake aikawa ta hanyar sadarwa ta yau da kullum su ne suke gaya wa mai karɓa wanda zai warware. Wanda ya iya bayyana wannan ta hanyoyin biyu, ya kuma nuna inda kowane layi na lissafin matiriks yake a cikin zanen, ya kai inda ake so ya kai a shekararsa ta farko a fannin.

Bayan wannan sai lissafin ZX, wanda Coecke da Ross Duncan suka gabatar a 2008. A cikinsa ana gina kowace da'ira da gizo-gizo iri biyu, kore da ja, kowanne yana da ƙafafu ko nawa ne da kuma kusurwa a rubuce a cikinsa. Ƙofar Z koren gizo-gizo ce mai kusurwar π, ƙofar S mai π/2, ƙofar T mai π/4, CNOT kuwa kore ne a wayar da take iko haɗe da ja a wayar da ake sauyawa. Gizo-gizo biyu masu launi ɗaya idan waya ta haɗa su sai su narke su zama ɗaya a tara kusurwoyinsu, ƙofar H kuma tana sauya launi. Atisayen farko su ne nuna cewa CNOT biyu a jere suna soke juna, da kuma cewa CNOT uku da ake juya kansu bi da bi suna musanya wayoyin biyu. Miriam Backens ta tabbatar a 2014 cewa dokokin ZX sun isa su fitar da duk wani daidaito na gaskiya a sashen da'irorin da ake ginawa da H da S da CNOT, daga 2017 kuma aka samu irin wannan tabbaci ga sassa mafi faɗi daga masu bincike a Oxford da birnin Nancy na Faransa. Amfanin wannan a aikace shi ne rage yawan ƙofofin T, waɗanda su ne mafi tsada a kwamfutar da take gyara kurakuranta, kuma manhajar PyZX ta Aleks Kissinger da John van de Wetering an rubuta ta ne don irin wannan aiki.

Game da abin karantawa, zaɓin ya danganta da inda ɗalibi ya fito. Picturing Quantum Processes na Coecke da Kissinger, wanda ya fito a 2017, ya haura shafi 800, yana tafiya a hankali da zane, kuma ya fi dacewa da ɗalibin kimiyyar kwamfuta ko fiziks. Categories for Quantum Theory na Chris Heunen da Jamie Vicary na 2019 ya fi gajarta, ya fi tsauri, kuma ɗalibin lissafi zai fi jin daɗinsa. A ɗauki ɗaya a gama shi. Hujjar Yoneda da iyakoki da monad da tofos duk suna iya jira, sai dai wanda yake da niyyar digiri na biyu a lissafi bai kamata ya bar su har abada ba, kuma ƙaramin littafin Tom Leinster na 2014, wanda ake samu kyauta a rumbun arXiv, ya isa ya cike wannan giɓi a shekarar ƙarshe.

Akwai inda katigori ba za ta kai mutum ba. Hanyar Shor tana buƙatar nazarin lambobi da sauyin Fourier da ka'idar nauyin lissafi, kuma babu zanen da zai ɗauke wa ɗalibi koyon su. Ƙoƙo da murfi ba sa aiki a sararin Hilbert mai ginshiƙai marasa iyaka. Hayaniyar da take lalata kubit a na'ura ta gaske kuma sai an ƙara wani gini a kan abin da aka bayyana a sama, wanda Peter Selinger na Jami'ar Dalhousie a Kanada ya tsara.

Inda hanyar take bi bayan digirin farko

Daga nan hanya takan rabu. Mai sha'awar harsunan shirya manhaja zai tarar cewa haramcin kwafi ya yi daidai da mantiƙin liniya da Jean-Yves Girard ya gabatar a 1987, inda kowane zato ake amfani da shi sau ɗaya tak, kuma wannan tunani ne yake jagorantar tsara harsunan kwantum. Quipper, wanda aka gina a cikin harshen Haskell a 2013, wuri ne mai kyau na fara gwaji. Mai sha'awar fiziks zai bi aikin Alexei Kitaev na 1997 zuwa katigorin da wayoyinsa suke kitsewa, inda ratsawa ta sama ta bambanta da ratsawa ta ƙasa. Mai sha'awar gyaran kurakurai kuma zai ga cewa Niel de Beaudrap da Dominic Horsman sun nuna a 2017 cewa haɗewa da rabuwar gizo-gizo sun yi daidai da yadda ake haɗawa da raba faci-facin kubit a tsarin kariya daga kuskure.

Jami'o'in da suke da masu bincike a wannan fanni sun haɗa da Oxford da Edinburgh a Birtaniya, da Amsterdam a Holan, da Nancy, da Dalhousie. A Afirka, jami'o'in Cape Town da Stellenbosch sun daɗe da masana katigori, ko da yake sun fi karkata ga aljabra. Cibiyar AIMS, wadda Neil Turok ya kafa a Afirka ta Kudu a 2003, tana da rassa a Senegal da Ghana da Kamaru da Ruwanda, tana kuma ba da digiri na biyu a lissafi da cikakken tallafi, wanda ɗalibai da dama suke takawa zuwa digiri na uku a waje. Maƙalun taron shekara-shekara na QPL, wato taron masana kan fiziks ɗin kwantum da mantiƙi, suna fitowa kyauta a intanet, kuma duba sunayen marubutansu hanya ce mai sauƙi ta gano malamin da za a rubuta wa.

Ɗalibin da sashensa ba ya koyar da katigori yana iya mayar da ita aikin bincikensa na shekarar ƙarshe. Ya nemi malamin aljabra ya duba shi, domin shi ne zai fi saurin gane harshen ko da bai taɓa aiki a kan kwantum ba. Aikin ya kasance ƙarami kuma kammalalle: a ɗauki da'ira mai kubit 3 ko 4, a mayar da ita zanen ZX, a rage ta da hannu ana ambaton dokar da aka yi amfani da ita a kowane mataki, a ninka matiriks ɗin farko da na ƙarshe a nuna sun yi daidai, sannan a kwatanta adadin ƙofofin da aka samu da wanda PyZX ya bayar. Idan aka rubuta shi da LaTeX, aka zana hotunan da TikZiT, aka ɗora lambar manhajar a GitHub, ɗalibi ya samu abin da zai haɗa da takardar neman gurbin digiri na biyu.